Finafinan da Gwaggo Ma'u Ta Gano a Sinnar

Gwaggo Ma'u ƙanwar mahaifina ce, kuma a duk Hillat Jibo babu wanda ya kai ta sanin fim, ga shi ba ta taɓa mallakar talabijin ba. Shekarunta sittin da 'yan kai. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tana tafiya kamar wadda aka aika kuma aka ce kada ta daɗe. Mijinta ya rasu tun ina goye, 'yarta guda tana aure a Damazin. Sana'arta weka, wato busasshiyar kuɓewa. Takan sayi ɗanya a hannun masu lambun bakin kogi, ta yanka, ta shanya, ta daka wadda ake so dakakkiya, ran Litinin ta ɗora buhu a mota ta kai Sinnar. Da la'asar sai ga ta da sukari, da sabulu, da fim guda a cikin kanta.

Ran Talata da hantsi ake buɗe fim ɗin. A tsakar gidanta akwai rakuba, rumfar kara mai ƙafa shida, nan matan unguwa ke taruwa aikin gayya. Yau a yanka kuɓewar Gwaggo, wani mako a ɓare gyaɗar Mairama, na gaba a tsinke soɓon Huseina. Amma ko aikin na wa ne, a rakubar Gwaggo ake yinsa, don kuwa nan majigin yake. Sai an zauna, an ɗora jabana, tukunyar gahawa, a wuta, ƙamshin gahawa ya tashi, sannan ta gyara zama ta ce ta ga wani filim jiya a Sinnar. Daga nan ba mai tari.

Wuƙarta ba ta tsayawa in tana ba da labari. Ita ce jarumin, ita ce uwarsa, ita ce alƙali, ita ce jakin da ya ƙi tsallake gada. Sunayen Misirawa, in ji ta, ba sa zama a baki, saboda haka takan raɗa musu namu. Mutanen finafinanta kisra suke ci da miyar weka, suna da hawasha, gonar da ake ba ruwa daga hanyar ruwan gwamnati, suna kuma faɗa a kan wa ya tare wa wani ruwa. Babu wadda ta taɓa tambayar yadda aka yi birnin Alƙahira ya cika da gonakin auduga. In labari ya kai inda zuciya ke tsinkewa, sai ta ce nan aka sa talla, ta tashi ta je ta juya shanya, ta bar mata bakwai da baki buɗe. Na daɗe kafin na gane cewa a lokacin tallar nan take shirya abin da zai biyo baya.

Mai karatu zai ce, to me ya hana ta fito fili ta ce labarinta ne? Wanda ya yi wannan tambaya bai san garinmu ba. A nan ba a tatsuniya da rana. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga yamma za su Makka, suka yada zango a bakin wannan kogi, zangon da har yau ba a tashi ba, kuma sun bar mana cewa duk wanda ya yi tatsuniya rana tsaka zai ɓata hanya. Mutanen da suka yi shekaru a kan hanya ba sa wasa da irin wannan magana. Da dare kuwa tatsuniya ta yara ce. Babbar mace ta zauna cikin sa'o'inta ta shirya abin da bai faru ba ta faɗa, sunansa ƙarya, ba shi da wani suna. Fim ne kawai ya sami lasisi, don shi an gan shi da ido, mai faɗa rahoto kawai take kawowa. Ga shi Gwaggo mace ce da ake shaida da gaskiya. Ba ta taɓa cakuɗa tsohuwar weka da sabuwa ba, in aka yi rigima a unguwa ita ake kira ta faɗi abin da ta gani. Abu ɗaya take tsoro a duniya, a kira ta maƙaryaciya.

Ni ce Ibtisam, ina koyar da Larabci a makarantar 'yan mata. Tun ina sakandare nake cewa zan rubuta littafi. Shekara shida ina rubuta shi, na kai shafi goma sha ɗaya, kuma a shafi na goma sha ɗayan ma jarumar ba ta fito daga ɗaki ba. Duk hutu ina rakuba, wai taya aiki. Finafinan da suka burge ni nakan neme su a waya da yamma, ta sunan gari, ta irin labarin, ta duk hanyar da na sani. Ban taɓa samun ko ɗaya ba. Na kuma taɓa raka ta Sinnar, na ga shagon da take kai weka, babu komai a bango sai kalanda da fanka. Na yi shiru da bakina, na sayi sabon littafin rubutu, na shiga rubuta labaranta ina ɓoyewa ƙarƙashin katifa. Ba zan ce ban taɓa kallon bangon littafin na auna inda sunana zai zauna ba.

Ana nan, wata Talata bayan damina, Gwaggo ta zo da wani fim da ya bambanta da na kullum. Ba gona a ciki, ba jaki. Wani saurayi ne mai aiki a kantin magani, burinsa a duniya a kira shi marubuci, amma in ya ɗauki alƙalami kansa sai ya bushe. A gidan da yake haya akwai wani tsohon direban jirgin ƙasa da ya rubuta tarihin rayuwarsa da hannu, ya ba saurayin ya buga masa a na'ura don idonsa ya yi rauni. Saurayi ya buga, ya cire sunan tsoho, ya sa nasa. Littafi ya fita, gari ya ɗauka, aka shirya bikin ba shi kyauta.

A nan muryar Gwaggo ta canza, wuƙar ma ta ƙara sauri. Ta ce ana cikin biki sai ga ƙanwar tsohon ta shigo da sandarta, ta ratsa manyan mutane har gaban saurayin. Ba ta zage shi ba. Cewa ta yi, tunda shi ya haifi littafin, ya gaya wa jama'a abin da ya faru da mutanen cikinsa washegarin ranar da littafin ya ƙare. Saurayi ya buɗe baki, ya rufe, gumi ya karyo masa. Sai tsohuwa ta ce mai abu ya san inda abinsa ya kwana ko bayan an rufe littafi, ta juya ta kamo hannun yayanta ta hau da shi kan dandamali.

Ranar kuɓewa ta sha wuya, domin gardama ce ta kaure. Huseina, wadda ba ta yarda da komai sai ta taɓa, ta ce ita ba ta ga sata ba. Sata ita ce a ɗauke maka akuya ka wayi gari turke ba kowa, shi kuwa tsoho labarinsa yana nan a kansa, ko harafi bai ragu ba. Mairama ta ce ba maganar akuya ba ce, amana aka ci, kuma wanda ya ci amanar mai raunin ido ko wuta sai ta yi ƙyamarsa. Sai Habboba Indo, tsohuwar unguwa, wadda ta haura tamanin kuma ba ta cika sa baki ba, ta ce a zamanin mahaifinta mai karanta waƙa ba ya farawa sai ya faɗi wanda ya ba shi, da wanda ya ba wancan, har a dangana da Sakkwato.

"Magana ma tana da uba," in ji ta. "Wanda ya raba ta da ubanta ya maishe ta shegiya."

Kafin mako ya zagayo, fim ɗin ya fita daga rakuba ya shiga gari. Huseina, wadda ta ce ba a satar magana, ta tuna cewa haɗin turaren da Mairama ke alfahari da shi a gidan biki na uwarta ne. Mairama ta ce uwar Huseina ma a hannun wata Bafalatar Singa ta koya. Teloli biyu na bakin masallaci suka daina gaisawa a kan wa ya fara wani yankan wuyan jallabiya. A makaranta ɗalibaina suka fara nuna juna da yatsa in an ba da aikin gida. Ni kuwa ban yi gardama da kowa ba, don abin a ƙirjina ya sauka. Ɗan kantin maganin nan ni ce, har da bushewar kai. Maimakon in ji kunya, sai na ji haushin Gwaggo, kamar ta leƙa ƙarƙashin katifata.

Da yammar Talatar da Gwaggo ta kawo fim ɗin na neme shi a waya, don sabo kawai. Sai ga shi, bugu ɗaya. Ga kantin magani, ga tsoho da tabarau. Ashe wannan karon da gaske ta gani, a gidan matar mai shagon weka, inda ta shiga barkar haihuwa. Na kalle shi har ƙarshe, na ga abin da na gani. Mai hankali a nan zai kashe waya ya kwanta da abinsa a ciki. Ni kuwa sai na tuna ɗan Mairama da ke Saudiyya ya aiko mata da talabijin mai aiki da hasken rana, tana neman dalilin tara mutane su gani. Na ce wa kaina ilimi zan kawo wa iyayena. Ƙarya nake yi wa kaina, hassada ce tsagwaronta.

Da na sanar a rakuba cewa ran Juma'a bayan la'asar za a ga filim ɗin Gwaggo ido da ido, mata suka hau murna. Gwaggo ta dube ni, wuƙarta ta tsaya sau ɗaya, ta ce to. Ran Juma'a kuma ta zo, cikin tob ɗinta, wato lafaya, mai ruwan zuma da take ajiyewa don biki, ta zauna gaba-gaba.

Rabin farko ya tafi lafiya lau. Ina fassara inda Larabcin Misira ya yi gudu, mata suna ta cewa wallahi kamar yadda Ma'u ta faɗa, har tarin tsohon. Huseina ta ce saurayin ya fi kyau a bakin Ma'u, wannan hancinsa ya yi yawa. Aka zo biki. Kowa ta gyara zama tana jiran tsohuwa mai sanda. Mairama har ta fara nuna ƙofar zauren da ke cikin talabijin, tana cewa ta nan za ta ɓullo. Ba ta ɓullo ba. Tsohon direba ba shi da ƙanwa, ba shi da kowa. Ya zauna a kujerar baya, ya tafa tare da masu tafi, ya tashi ya fita. Aka nuna saurayi zaune gaban farar takarda, aka yi kiɗa, rubutu ya hau.

Mairama ta ce ƙila akwai kashi na biyu. Na ce babu. Huseina ta ce to tsohuwar fa, daga ina? Gwaggo tana kallon tabarma. Da na tsaya nan, da an ce mantuwa ce ta tsufa, ta haɗa fim biyu. Amma baki shi ke yanka wuya. Na ce ai ba wannan kaɗai ba, sauran duk na neme su shekara da shekaru, babu su a duniya.

Wasu suka yi dariyar mamaki, Huseina ta tafa hannu ta ce ita dama jakin nan bai kwanta mata ba. Da a nan aka watse, da abin ya zama na raha. Sai Habboba Indo ta yi gyaran murya.

"Ma'u, yaron nan na Habasha fa? Shi ma babu shi?"

Sai a lokacin na tuna. Habboba tana da ɗa guda, Salihu. Shekara talatin da suka wuce ya bi mota zuwa yankan riɗi a manyan gonakin bayan Damazin, bai dawo ba. Ba gawa, ba wasiƙa, ba wanda ya ce ya gan shi. Shekara tara baya, a daidai lokacin da Habboba ta kwanta ciwo ta daina cin abinci, Gwaggo ta kawo wani fim na wani yaro Osman da ya je yankan riɗi, zazzaɓi ya kayar da shi a kan iyaka, wasu Habashawa suka ɗauke shi suka yi jinya. Ya warke amma ya manta hanyar gida, ya yi aure can, yana da gonar gahawa da 'ya'ya huɗu. Habboba ta sa an maimaita mata fim ɗin ya fi sau goma. Takan ce tunda har an yi filim a kai, ashe irin haka na faruwa.

Gwaggo ta ɗago kai. Ta ce, "Babu shi, Inna Indo. Ni na yi shi."

Habboba ta dafa sanda ta miƙe, ta ƙi hannun da aka miƙa mata. Ta ce shekara tara tana kwana da maganar maƙaryaciya a ƙarƙashin kanta. A gaban kowa ta faɗi kalmar, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, ta fita. Gwaggo ta naɗe gefen tob ɗinta ta bi ɗaya ƙofar.

Litinin ta zo, Gwaggo ta tafi Sinnar, ta dawo da sukari da sabulu. Ran Talata ƙofar gidanta a rufe. Mata suka kwashi fayafayansu suka koma gidan Mairama, suka ce ai yanzu ga na gaske, gani ya kori ji. Sai dai fim na talabijin ido yake so, kuɓewa ma ido take so. Kafin azahar Mairama ta yanke yatsa, Huseina ta yanka kuɓewa wata kamar kwabo wata kamar gungume, irin wadda in an shanya rabi ya bushe rabi ya ruɓe. In ka sunkuya ka ɗago, an riga an kashe wani, ba kuma mai tsayawa ya gaya maka dalili. Huseina ta ce ita waɗannan mutanen ba ta san iyayensu ba, ba ta san me suke nomawa ba, kukansu ma ba ya taɓa ta. Amma ba wadda ta ce a koma. Kalmar da Habboba ta faɗa tana tsaye a ƙofar Gwaggo, ba mai iya tsallake ta sai mai ita.

Kwana tara na yi ina kewaya gidan kafin na shiga. Na same ta ita kaɗai a rakuba da tulin kuɓewa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta turo mini wuƙa da ƙafa. Mun yi rabin faifai kafin na iya cewa ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Sai ta shiga gaya mini yadda aka fara. Shekara ashirin da wani abu baya ta yi jinyar 'yarta a asibiti a Sinnar, akwai talabijin a barandar masu jinya. Ta bi wani fim har ya kusa ƙarewa, wuta ta ɗauke. Da ta dawo gida mata suka tambaye ta abin da ta gano a birni, ta fara ba su fim, ta kai inda wuta ta ɗauke, ta ga idanu a kanta. Sai bakinta ya ci gaba shi kaɗai. Ba wadda ta ce uffan, har Mairama ta yi hawaye. Daga nan, in ji ta, wutar Sinnar ta riƙa ɗaukewa da wuri da wuri, har aka kai ba a kunna talabijin ɗin sam.

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa wa ko mutum ɗaya ba. Ta ce tana 'yar shekara tara kakana ya kama ta tana ba ƙawayenta labari a gindin rijiya da rana, ya zane ta da igiyar guga.

"Kuma in na ce nawa na, ya ustaza, wa za shi zamna? Ma'u mai weka? Amma in an ce Misirawa sunka yi, kowa sai shi aje kunne."

Na ce to wannan fim ɗin, tunda ta gan shi har ƙarshe, me ya kai ta ƙara masa tsohuwa? Ta ce haushi. Tsoho ya tafa wa ɓarawonsa ya fita, ita ta kasa haɗiye wannan, a mota ma tana ta yi masa faɗa a zuci. Ganin ta sake, sai na fito da littafin da na ɓoye cikin mayafi, na faɗa mata komai, har da auna wurin suna. Na zaci za ta kore ni. Dariya ta yi har ta ajiye wuƙa, ta ce ashe shi ya sa filim ya cije ni. Ta tambaye ni guda nawa na rubuta, na ce arba'in da uku. Ta taɓe baki ta ce sun fi ɗari uku, kuma masu daɗin duk ina makaranta aka yi su. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta ce duk wannan ba shi ne damuwarta ba. Inna Indo ce. An ce mata ta koma tura kwanon abinci gefe.

Talata ta uku ina rakubar Gwaggo, mu biyu kawai, don na mayar da yankan kuɓewa kaffarata. Muna cikin aiki muka ji ƙwanƙwasar sanda a ƙofa. Habboba Indo ce, ta rame, ɗauke da ɗan kwanon gyaɗa. Ba ta yi sallama mai tsawo ba. Ta zauna inda ta saba zama, jikin ƙafar rakuba ta gabas, ta fara ɓarar gyaɗa. Gwaggo ta durƙusa ta gaishe ta, ta koma ta ɗauki wuƙa.

"Na yi ta tunani," in ji Habboba. "Da Misirawa sunka yi shi, ai ba su san ni ba, ba su san ɗana ba. Dacewa ce kawai. Ke kuwa kin san ni. Ya'ni zama kinka yi, kinka yi shi don ni."

Gwaggo ta ce haka ne, ta ga ba ta cin abinci ne, ba ta san abin da za ta ba ta ba.

"To tunda ke am mai shi, ba sai an jira Misira ba. Shekara tara kin bar min yaro ga Habasha yana shan gahawa. Ki tashe shi, shi taho gida."

Gwaggo ta dubi rana, ta ce hantsi ne fa, Inna. Habboba ta ce tatsuniya ita ce mai gizo da ƙoƙi, wannan kuwa labarin Ma'u ne, kuma in akwai ɓatan hanya a ciki ita ta ɗauka, a shekarunta ba inda za ta je. Sannan ta ƙara da cewa a daina kiransa Osman, yaro yana da sunan da ubansa ya raɗa masa.

Gwaggo ta share ido da bayan hannu, ta jawo faifai. Ta ce wata safiya Salihu yana shanya gahawa a ƙofar gidansa, sai wani fatake ya wuce yana yi wa jakinsa faɗa da Hausa. Ban san yadda aka yi ba, kafin Salihu ya gama tambayar fataken garinsu, Huseina ta leƙo ta katanga wai aron turmi, ta zauna. Mairama ta biyo ta da yatsa a ɗaure. Kafin azahar rakuba ta cika, ba wadda ta tambayi a wace tasha aka nuna shi.

Wata bakwai ke nan Salihu yana hanya. Sai da ya sayar da gona, ya shawo kan matarsa, ya jira damina ta wuce don hanyar kan iyaka ba ta biyuwa da ruwa. Ya yi mako uku a Damazin yana neman takardun yara. Ni ke rubutawa yanzu a fili, da sunan Asma'u 'yar Malam a shafin farko, kuma takan sa in karanta mata ta gyara, ta ce ba haka ta faɗa ba. Habboba tana cin abinci, har tana ƙorafin gishiri.

Makon jiya motarsu ta baro Singa. Daga Singa zuwa nan ba nisa, kowa ya sani, mata har sun fara gardamar abin da za a dafa masa. Gwaggo ta ce direba ya taka mota, ga bishiyoyin bakin kogi sun fara bayyana, babbar 'yar Salihu tana tambayarsa wace ce za ta fara fitowa tarbarsu. Sai Habboba ta miƙa hannu ta dafa gwiwar Gwaggo.

"Ma'u, a hankali. Ki fasa musu taya."

Gwaggo ta dube ta, ta dubi sauran mata, sannan ta fasa tayar baya ta hagu, a wurin da ba kowa sai masu kiwon raƙuma, kuma direban ya manta abin ɗaga mota a Damazin.